Jinya a Bakin Daga

Jinya kalma ce mai ɗauke da mutum biyu. In aka ce maka Malam yana jinya, ba za ka san ko shi ne a kwance ba, ko kuwa shi ne zaune a gefen wanda ke kwance, sai ka sake tambaya. Wanda zazzaɓi ya kayar, jinya yake yi. Matarsa da ta hana idonta barci tana jiƙa tsumma tana ɗora masa a goshi, ita ma jinya take yi. Bahaushe bai ga dalilin raba musu suna ba, domin ciwo in ya shigo gida ba ya tsayawa a jiki ɗaya. Wani na ɗauke da zafinsa, wani na ɗauke da nauyinsa.

Kalmar tana yawo a bakinmu kullum ba mu lura da ita. A sanarwar rasuwa ta gidan rediyo za ka ji an ce marigayin ya cika bayan doguwar jinya, ko bayan gajeruwa, kamar dai tsawonta wani ɓangare ne na tarihin mutum da ya wajaba a faɗa tare da shekarunsa da yawan 'ya'yansa. A asibiti akwai zaman jinya, inda ɗan'uwa ke shimfiɗa tabarma a ƙasa kusa da gado, ya sayo magani, ya dama kunu, ya juya mara lafiya in gefe ɗaya ya gaji. Mawaƙan soyayya sun ɗauke ta sun kai ta wajen zuciya, har wanda masoyi ya guje wa ake cewa yana jinyar zuciyarsa. Tana da maƙwabta kuma. Akwai dubiya, akwai sannu, akwai amsar nan da ba ta canzawa: ka tambayi mutum ya jiki, ko numfashi yake ja da ƙyar, zai ce maka da sauƙi. Wannan amsa ba ƙarya ba ce. Ladabi ne ga Mai bayar da sauƙin, kuma tausayi ne ga wanda ya zo dubiya.

Wuri ɗaya ne jinya ba ta samun masauki, shi ne fagen fama. Kirarin mazaje bai san ta ba. Makaɗan yaƙi suna wasa wanda ya faɗi gaba da gaba, wanda rauninsa ke ƙirji ba a baya ba, wanda dokinsa ya dawo gida babu mahayi. Ba a buga tambari don barden da atuni ya zube a sansani, ko jarumin da masassara ta karkaɗa har ya daina gane mutane. Amma an ce yaƙi ɗan zamba ne, kuma babbar zambarsa ita ce wannan: kafin zamanin allurar rigakafi da tsabtace ruwan sha, rundunoni da yawa cuta ta fi yi musu ɓarna a kan makami. Mutum ya yi sallama da gida don ya tari takobi, sai ya tarar sauro ne ke jiransa.

Hafsoshin Turawan mulkin mallaka sun san wannan zamba sarai. Gaɓar tekun Afirka ta Yamma, su da bakinsu suka yi mata laƙabi da kabarin Bature. A cikin waɗanda ta ci, akwai wanda labarinsa ya ƙi barina.

A ƙarshen shekarar 1895 Ingila ta shirya runduna a ƙarƙashin Sir Francis Scott don ta tafi Kumasi, babban birnin Asante, mutanen da fatakenmu na goro suke kira Tonawa. A cikin rundunar akwai sojojin da aka kawo daga Ingila, akwai dakarun Hausawa da Turawa suka daɗe suna ɗauka aiki a Gold Coast da Ikko, akwai kuma dubban 'yan dako. Sai ga wani baƙo a cikin hafsoshi: Yarima Henry na Battenberg, mijin Gimbiya Beatrice, autar Sarauniya Biktoriya. Sarauniyar ba ta yarda da aurensu a 1885 ba sai da sharaɗin za su zauna tare da ita. Shekara goma ke nan yana zaman fada, mutumin da aka horar da shi a matsayin soja. Ya roƙa a bar shi ya bi rundunar, aka bar shi, aka ba shi muƙamin sakataren kwamanda.

Bai ga Kumasi ba. Bayan an haye kogin Pra zazzaɓin cizon sauro ya kama shi, aka juyo da shi bakin teku, aka sa shi a jirgin ruwan yaƙi mai suna Blonde. Ranar 20 ga Janairu 1896 rai ya yi halinsa a kan teku, daura da Saliyo, yana da shekara 37. A cikin waɗannan kwanaki ne rundunar ta shiga Kumasi ba tare da an gwabza ba, domin Sarkin Asante Prempeh na Ɗaya ya zaɓi kada ya jefa mutanensa cikin wuta. Duk da haka aka kama shi, aka fitar da shi daga ƙasarsa, daga Elmina zuwa Saliyo, daga can zuwa tsibiran Seychelles, bai sake taka Kumasi ba sai 1924. Yaƙi ne da ba a yi yaƙi a cikinsa ba, amma sojoji 18 suka mutu, duka da cuta, kuma kusan rabin rundunar ta kwanta.

To yaya ake tunawa da mutumin da ya tafi yaƙi bai ga abokin gaba ba? Ingila ta amsa da duk abin da take da shi. Aka kai gawarsa gida, aka binne shi a majami'ar Whippingham da ke tsibirin Wight, inda aka ɗaura aurensa. Aka keɓe wa kabarinsa ɗaki a cikin majami'ar. A 1898 matarsa ta kafa gidan tarihi a ganuwar Carisbrooke don tunawa da shi. Aka kuma ƙera lambar yabo mai siffar tauraro, Tauraron Asante, aka raba wa waɗanda suka yi tafiyar. Dutse da tagulla da gini, duk an tara su don su faɗi magana ɗaya: wannan ma mutuwar soja ce, kada wani ya ce mutuwar gado ce kawai.

Ba na jin kunyar cewa ina tausayinsa. Na san abin da ya kai shi: rundunar da ya bi ta je ne ta karɓe ƙasar da ba tata ba, ta kuma raba sarki da mutanensa shekara 28. Wannan ba ya gogewa. Amma wanda ya taɓa zama kusa da mai zazzaɓi mai tsanani, ya ga yadda haƙora ke kaɗawa a tsakiyar zafin rana, ya ji sambatun da ba su da kai, ya san cewa a wannan sa'a babu yarima babu talaka. Jiki magayi, kuma abin da yake gaya wa kowa iri ɗaya ne. Mutum ne mai 'ya'ya huɗu yana mutuwa a cikin ɗan ɗakin jirgi, nesa da duk wanda zai kira sunansa na gida.

Sai dai kalmar da na fara da ita ba ta barin in tsaya a kansa shi kaɗai. In akwai mai jinya a kwance, akwai mai jinya a tsaye. Daga cikin kurmi zuwa bakin teku tafiyar kwanaki ce, kuma Baturen da ya kwanta ba da ƙafarsa yake komawa ba. A cikin raga ake sa shi, a rataye a jikin sanda, mutane su ɗora a ka suna karɓa-karɓa, cikin laka da saiwoyi da hawa da gangara. Wani ya ɗebo ruwa, wani ya hura wuta ya tafasa shi, wani ya wanke abin da ciwo ya ɓata. Likita yana da suna a takarda. Waɗannan kuwa adadi ne a lissafin kuɗin tafiya. Su ma sauron nan yana cizonsu, su ma ruwan nan suke sha, kuma wanda ya faɗi a cikinsu ba a juyo da kowa bakin teku dominsa.

Abin da ke ƙara wa labarin ciwo shi ne kusancinsa da sani. Kwinin an san shi tuni. Tun 1854 likita William Baikie ya shiga Kwara da Binuwai da jirgin Pleiad yana ba mutanensa shi kullum, ya fito bai rasa ko ɗaya ba, alhali tafiyar 1841 a kogin Kwara ta ci Turawa fiye da 40. Amma ba a san ta inda ciwon ke shigowa ba. Ana zargin iskar fadama da tururin ƙasa da raɓar dare. Sai a watan Agustan 1897, shekara ɗaya da rabi bayan mutuwar Yarima Henry, Ronald Ross, shi ma likitan soja ne a Indiya, ya ga ƙwayar cutar a cikin sauro. Raina kama ka ga gayya. Daular da ke da jiragen yaƙi a kowane teku ta yi ƙarni tana binne 'ya'yanta saboda ƙwaron da yaro ke kashewa da tafi ɗaya.

A cikin wannan tafiya ta Kumasi akwai wani ɗan gidan sarautar, Yarima Christian Victor, jikan Sarauniya, wanda shi aikin soja ne sana'arsa. Ya fita daga kurmin Asante lafiya. Bayan shekara huɗu yana Afirka ta Kudu a yaƙin Ingila da Boer, sai zazzaɓin cizon sauro ya fara taɓa shi, taifot ta biyo baya, ya mutu a Pretoria ranar 29 ga Oktoba 1900 yana da shekara 33. A can aka binne shi cikin sauran sojoji. A wannan yaƙi Ingila ta rasa mutum kimanin 22,000, kuma kusan kashi biyu cikin uku cuta ce ta kashe su, ba harsashi ba. A Bloemfontein kaɗai, bayan sojoji sun sha gurɓataccen ruwan kogin Modder, taifot ta cika tantuna har aka rasa gadaje. Allurar rigakafinta ta riga ta samu, amma ba a tilasta ta ba, kaɗan ne suka karɓa. Mahaifiyar yariman, Gimbiya Helena, ta yi shekaru tana ɗawainiyar kafa ƙungiyoyin ma'aikatan jinya a Ingila, ga shi nata ɗan ya yi jinyarsa a wata nahiya, hannunta bai kai gare shi ba. An kafa masa mutum-mutumi a Windsor. A wannan yaƙin kuma mata da yaran Boer fiye da 26,000 suka mutu a sansanonin da Ingila ta tsare su, baƙaƙen fata ma dubbai masu yawa suka mutu a nasu sansanonin, galibi da ƙyanda da taifot da yunwa. Lissafin na ƙarshen ma ba a kula an riƙe shi da kyau ba.

A shekarar nan ta 1900 ne Mary Kingsley, matar da ta yi yawo a Afirka ta Yamma ta kuma rubuta littattafai a kanta, ta je Simon's Town a Afirka ta Kudu tana kula da fursunonin yaƙi na Boer da taifot ta kwantar. Ciwon ya tsallako daga gadon da take tsaye a kansa ya kama ta, ta mutu a watan Yuni, aka saka gawarta a teku kamar yadda ta nema. A jikinta fuskokin kalmar biyu suka haɗu. Ta shiga jinya a tsaye, ta ƙare ta a kwance, kuma waɗanda ta mutu tana yi wa hidima abokan gaban ƙasarta ne.

Mu da muka tashi a zauren karatun allo da na littattafai muna da tsohuwar amsa ga wannan tambaya ta darajar mutuwar jinya, tun kafin Turawa su fara sassaƙa nasu duwatsun. A shekara ta 18 bayan hijira annoba ta faɗa wa rundunar Musulmi a ƙasar Sham, annobar da ake kira ta Amwas. Kwamandan rundunar, Abu Ubaida ɗan Jarrah, Halifa Umar ya nemi ya janyo shi Madina, shi kuwa ya nemi afuwa ya zauna tare da mutanensa, annobar ta ɗauke shi. Mu'azu ɗan Jabal ya karɓi jagoranci, shi ma ta ɗauke shi. Haka Yazidu ɗan Abu Sufyan. Babu wanda ya taɓa cewa darajarsu ta gaza ta waɗanda suka faɗi a yaƙin Yarmuk. Malamai suna karantar da mu cewa wanda annoba ta kashe da wanda ciwon ciki ya kashe suna da ladan shahada. Ba ina ɗora sahabbai da hafsoshin mulkin mallaka a sikeli ɗaya ba ne, Allah ya kiyaye. Niyya ta raba su, tafarki ya raba su. Abin da nake nufi shi ne, tarbiyyarmu ta riga ta cire mana raina mutuwar shimfiɗa. Abin da kirari ya ƙi yi, addu'a ta yi shi. Shi ya sa in mun je dubiya muke cewa Allah ya sa kaffara ne: muna ganin ciwo a matsayin aiki da mutum ke yi, mai lada, ba faɗuwa ba.

Turawa ma sun iso wannan matsaya ta tasu hanyar. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, a 1917, aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi ta daular Ingila bisa ƙa'ida mai kyau: kowane mamaci da sunansa, dutse iri ɗaya ga janar da kurtu, ba a tambayar ko harsashi ne ko mura. Wanda atuni ya kashe a tanti ya samu dutse daidai da na wanda ya faɗi yana hawa ramin abokan gaba. A maƙabartun Faransa da Beljiyam an cika wannan alkawari, har da sojojin Indiya da yawa.

A Afirka ne alkawarin ya karye. Yaƙin da aka yi da Jamus a Afirka ta Gabas yaƙin cuta ne kafin ya zama na bindiga. Sojojin Najeriya sun isa can a ƙarshen 1916, da yawansu Hausawa ne ko masu jin Hausa, domin ita ce harshen bariki. Damunar farkon 1917 ta ritsa su a bakin kogin Rufiji, hanyoyi suka yanke, abinci ya yi ƙaranci, yunwa ta buɗe wa zazzaɓi da atuni ƙofa. 'Yan dako kuwa, waɗanda duk yaƙin ke tafiya a kan wuyansu, kimanin 95,000 ne suka mutu a ɓangaren Ingila kaɗai, mafi yawansu da ciwo. Hafsan Bature da zazzaɓi ya kashe a wannan fage yana da kabari da suna da lambar runduna, har da 'yar jimlar da iyalinsa suka zaɓa a ƙasan dutsen. 'Yan dako da askarawa aka yi musu mutum-mutumi na bai ɗaya a Dar es Salaam da Mombasa da Nairobi, siffa ba suna. A Najeriya an rubuta sunayen wasu sojoji a allunan tunawa kamar na Lakwaja da Zariya, amma wasu ne, ba duka ba. A 2021 hukumar da kanta ta fitar da rahoto ta amsa laifi: mutum 45,000 zuwa 54,000 an tuna da su ba daidai da Turawa ba, kuma aƙalla 116,000, wataƙila har 350,000, ba a rubuta sunansu ko'ina ba. Sakataren tsaron Birtaniya ya nemi gafara a majalisa.

Rahoton ya nuna hujjar da wasu manyan jami'ai suka kafa a lokacin, ciki har da gwamnan Gold Coast a 1923: wai ɗan ƙasa ba zai fahimci dutsen kabari ba, ba zai kuma damu da shi ba. Wannan magana tana da ɗan kama da gaskiya, shi ya sa ta fi cutarwa. Gaskiya ne mu ba ma gini a kan kabari. Tudun ƙasa ne da 'yan itatuwa da fasassun tukwane, bayan 'yan damuna ya baje, kuma ba mu ɗauki hakan wulakanci ba, mutuwa rigar kowa ce. Amma rashin dutse ba rashin tunawa ba ne. Namu tunawar a baki take da cikin gida. Ana zaman makoki, ana sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Mace tana takaba wata huɗu da kwana goma. Ana raba gado. In an haifi jika a mayar masa da sunan marigayi, gida ya koma kiransa Abba ko Baba don kunyar sunan. Duk wannan kuwa ba ya farawa sai labari ya iso. Inda ba a rubuta sunan ɗan dako ba, wa zai kai saƙon rasuwarsa ƙauyensu? Matarsa ba ta san ranar da za ta fara takaba ba, uwarsa ba ta san ko ta yi sadaka ko ta ci gaba da duban hanya ba. Ba dutse aka hana waɗannan gidaje ba. Makoki aka hana su.

Saboda haka in na ga hoton allon tagulla a bangon wata majami'ar Ingila, mai ɗauke da sunan wani kyaftin da zazzaɓi ya kashe a Lakwaja ko Zungeru ko Kumasi, ba na fatan a cire shi. Uwa ce ta sa aka kafa shi, ko mata, ko abokan aiki, kuma baƙin cikinsu na gaske ne. Abin da nake so shi ne a karanta shi a cike. A bayan kowane irin wannan suna akwai boyin da ya kwana yana yi masa fifita, da kukun da ya dafa abin da cikinsa zai iya riƙewa, da kurtun da ya haƙa kabarin, da mutanen da suka ɗauko shi a ka. Akwai kuma mutanen garin da aka zo ci da yaƙi, waɗanda nasu matattun ba su shiga lissafin kowa ba.

An fara gyara, ko da a makare. A watan Janairun 2025 aka buɗe wurin tunawa a Cape Town mai ɗauke da sunayen baƙaƙen ma'aikatan soja fiye da 1,700 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, waɗanda a da ba su da suna a ko'ina. Masu bincike suna ta tono tsofaffin rajistocin albashi da na asibitocin soja a ƙasashen Afirka. Amma rabin wannan aiki ba a ɗakunan ajiyar takardu yake ba, a gidajenmu yake. A Kano da Zariya da Bauci, a zangon Kumasi da na Accra, har yanzu akwai tsofaffin da suka ji daga bakin kakanninsu cewa wane ya bi Turawa yaƙin Jamus bai dawo ba. Wanda ke da irin wannan tsoho a gida ya zauna da shi tun yana da ƙarfin magana, ya tambayi sunan, da sunan uban, da garin da aka ɗauke shi, ya rubuta, ya karanta wa 'ya'yansa, a sa shi cikin waɗanda ake yi wa addu'a. Wannan hakki ne da ba sai mun jira wata hukuma ta biya mana shi ba.